RA'AYINMU: Tsadar Man Fetur da Makomar Babur a Bakin Iyakar Jibiya

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Jibiya, ta ratsa Magama, ta faɗa Ɗan Isa cikin Jumhuriyar Nijar, ya san babur ne ke riƙe da rayuwar wannan yanki. Shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, shi ke kai malami makarantar ƙauye da safe, shi kuma ke fito da buhun gero daga gona zuwa kasuwa ta hanyoyin rairayi waɗanda mota ba ta iya ketawa. Saboda haka ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, maganar ta isa Jibiya da nauyin da ya fi na wurare da yawa. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta wuce N1,000 a gidajen man kamfanin NNPC. Gaskiya ne farashin ya ɗan sassauto a cikin 2025, bayan da matatar Ɗangote ta soma fitar da fetur, amma bai koma ko kusa da inda ya taso ba, babu kuma mai hankalin da zai zauna jiran ya koma.

Ya kamata masu karatu, musamman ɗalibai waɗanda ba a haife su ba a lokacin, su san yadda muka shiga wannan hali. A 1973 litar fetur ba ta kai kwabo 9 ba, kuma a shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta daidaita farashinsa a duk faɗin ƙasa, yadda mutumin Jibiya zai saya daidai da mutumin Fatakwal wanda ke zaune a gindin matatar mai. Bayan haka aka biya kuɗin Udoji, aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, bashin mota kuwa ya zama alamar cewa ma'aikaci ya kai ma'aikaci. Wanda bai kai matsayin mota ba aka ba shi bashin babur. Tun daga nan muka shiga shata unguwanni da sakatariyoyi da makarantu nesa da juna, a bisa zaton man da zai haɗa su ba zai taɓa yin tsada ba. Jirgin ƙasa muka bar shi ya lalace, motocin safa na gwamnati suka zama abin da ake tunawa da shi lokacin zaɓe, keke kuwa ya koma abin kunya ga wanda ya yi boko. Mu ma'aikata da 'yan boko muna da kaso babba a cikin wannan laifi, domin mu muka riƙe ofisoshin da aka tsara abin a cikinsu.

A bakin iyaka arhar mai ta haifi wata sana'a dabam. Muddin fetur ya fi tsada a Maraɗi fiye da ninki biyu na farashinsa a Katsina, to, babu shingen da zai hana jarka tsallakawa. Samari da yawa sun bar gona da makaranta suka rungumi fasa-ƙwauri, suna ɗaure jarkoki a bayan babur suna ratsa daji, 'yan bumburutu kuma suka jera kwalabe a bakin titi daga Ɗan Isa har cikin Maraɗi. Hukuma ta yi ta neman magani. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamba na shekarar kuma Hukumar Kwastan ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Garin Jibiya na cikin wannan da'ira. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: mai fasa-ƙwauri ya sake hanya, talaka mai babur ɗaya kuwa ya koma sayen kwalba a hannun 'yan bumburutu da tsada, a cikin ƙasar da ke haƙo man. Ba a sake buɗe iyakar Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022, kuma ba a daɗe ba aka sake rufe ta bayan juyin mulkin da Janar Abdurahman Tiani ya yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, har zuwa Maris na 2024.

Abin da shingaye suka kasa yi cikin shekaru, farashi ya yi shi cikin watanni. Da fetur ya yi tsada a nan, Nijar kuma ta rage nata zuwa sefa 499 a watan Yuli na 2024, sai ribar jarka ta tsuke ƙwarai. A watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen man Nijar, domin matatar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ta kasa cike gurbin man da a da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Wannan ya nuna yawan dukiyar Nijeriya da ta daɗe tana tsiyaya. To amma fa ya bar mu da tambayar da har yanzu ba mu ji an amsa ba, watau ina samarin da suka rayu a kan jarka za su nufa, a yankin da 'yan bindiga suka hana noma a ƙauyuka da dama.

A cikin wannan hali ne maganar babur mai aiki da lantarki ta taso, kuma muna ganin ta cancanci a dube ta da idon basira. Bari mu yi ɗan lissafi. Mu ɗauka ɗan acaɓa yana ƙona lita 3 a yini. Kafin a cire tallafi wannan bai kai N600 ba. Sa'ad da lita ta kai N1,000 ya zama N3,000, ban da baƙin mai da fulogi da sauran gyare-gyaren inji, ban da kuma kuɗin da zai kai wa mai babur in ba nasa ba ne. Batirin irin baburan lantarkin da ake kawowa Afirka yana ɗaukar wuta wajen yunit 3 zuwa 4, masu ƙera su kuma suna cewa yana iya yin kilomita 70 ko fiye a kan titi mai kyau. Ko da an lissafa da farashin wuta mafi tsada da aka yanka wa 'yan rukunin farko a watan Afrilu na 2024, watau N225 kowane yunit, cika batirin bai kai N1,000 ba. Ba ya shan baƙin mai, ba shi da kafireto, ba ya hayaƙi. Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi Jibiya musamman: wutar lantarki ba ta shiga jarka, saboda haka duk taimakon da gwamnati ta zuba a wannan fanni ba zai tsallaka iyaka cikin dare ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun yi nisa. A Ruwanda kamfanin Ampersand ya daɗe yana ba 'yan acaɓa batir cikakke su bar wanda ya ƙare, kamar yadda ake musanyar tukunyar gas, har gwamnatin ƙasar ta daina yi wa sababbin baburan haya masu shan fetur rajista a birnin Kigali daga Janairun 2025. Kamfanin Spiro ya yi haka a Binin da Togo, ya kuma shigo Jihar Ogun a 2024. A nan Arewa, Gwamnatin Borno ta fito da motocin haya masu lantarki a Maiduguri. Duk wanda ya ce abin tatsuniyar Turawa ce bai bi labarai ba.

Amma fa Jibiya ba Kigali ba ce, kuma wannan jarida ba za ta ɓoye wa jama'a wuyar da ke cikin al'amarin ba. Matsala ta farko ita ce wutar kanta. Mutumin da ke kwana ya yini bai ga ƙyallin ƙwan lantarki a ɗakinsa ba, in aka ce masa ya sayar da Boxer ɗinsa ya sayi babur mai caji, zai ɗauka ba'a ake yi masa. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Da a ce 'yan acaɓan Katsina sun dogara ga wannan wuta, da gari ya tsaya cik. In kuwa za a tada janareto mai shan fetur don a cika batir, to, an yi gudun gara an faɗa zago.

Matsala ta biyu kuɗin saye ne. Batir shi ne ya fi kome tsada a jikin babur ɗin, yana kuma raguwa da ƙarfi shekara bayan shekara, zafin bazara irin namu kuwa yana gaggauta tsufansa. Kilomita 70 ɗin da ake faɗa a kan kwalta ne, da mutum ɗaya. A cikin rairayi, da buhu biyu da fasinja, lissafin zai sake. Sa'an nan ga rashin masu gyara. Babur mai fetur in ya tsaya a kowane ƙauye akwai bakanike a gindin bishiya wanda zai kwance shi ya ɗaure, kayan gyaransa kuma suna nan birjik a kasuwa. Na lantarki in ya tsaya a tsakanin Gurbin Ɓaure da Jibiya, sai dai a tura.

Ta uku ita ce tsaro, wadda masu tallar waɗannan babura a Legas da Abuja ba su cika tunawa da ita ba. A yankinmu babur abin hawan ɗan bindiga ne kamar yadda yake abin hawan manomi. Shi ya sa a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, har ma ta hana sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomi da dama. Gwamnatin da ta taɓa jin tsoron mai cajin waya dole ta yi tunani tun da wuri a kan mai cajin babur, balle babur ɗin da ke tafiya ba a jin ƙararsa. A ganinmu wannan hujja tana da fuska biyu. Babur ɗin da ba ya tafiya sai ya koma tashar musanyar batir, wadda ke da rajistar kowane batir da sunan wanda ya karɓa, ya fi sauƙin sa ido a kansa bisa ga wanda kwalbar fetur ɗaya ta ishe shi ya ɓace cikin dajin Rugu. Amma sai an tsara hakan da jami'an tsaro tun daga farko, kada a bari mutane su ci bashi su saya sa'an nan a wayi gari da dokar hana hawa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta gwada abin a ƙaramin ma'auni kafin ta yi shela. Tsakanin Katsina da Jibiya kilomita 40 ne da 'yan kai, tafiyar da batir ɗaya zai iya yi. A kafa tashoshin musanyar batir masu aiki da hasken rana a cikin birnin Katsina, da garin Jibiya, da Magama, a ba wa ƙungiyar 'yan acaɓa babura kaɗan bashi, batirin ya zama na tasha, mahayi ya riƙa biyan kuɗin musanya kawai. Rana dai ba mu da ƙarancinta, kuma masu cajin waya da manoman rani sun riga sun saba da faifan sola. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da tsara kasuwarta, saboda haka babu sauran fakewa da cewa sai an jira Abuja. Bayan shekara guda, da rani da damina, a fito da lissafin a bainar jama'a: nawa aka kashe, batir nawa ya mutu, nawa ɗan acaɓa ya kai gida.

Bashin babur da ake ba ƙananan ma'aikata shi ma wuri ne na gwaji, domin tafiyar malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti sananniya ce, daga gida zuwa wurin aiki, kuma ana iya sa masa wurin caji a harabar ofis. Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina da cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su ɗauki nauyin gwada batiran a cikin zafinmu da ƙurarmu, su kuma horar da kanikawan da ke bakin aiki yanzu, tare da samarin da sana'ar jarka ta saki. Ɗalibanmu na injiniya sun daɗe suna rubuta kundin kammala karatu a kan abubuwan da ba su taɓa taɓawa da hannu ba, ga dama ta samu.

Muna yin wannan kira muna tunawa da Lambar Rimi, inda aka kafa injinan iska 37 don su ba da megawat 10, aikin da aka ɗauko tun zamanin gwamnan Umaru Musa 'Yar'aduwa aka yi ta jansa fiye da shekara 10. Aikin da aka ba ɗan kwangila ba tare da tanadin gyara da masu gyara ba, ƙarshensa ke nan, kuma ba ma so a tara wa Jibiya matattun batira a bayan sakatariya.

Har ila yau, kada maganar babur ta shagaltar da mu daga babbar matsalar. Ko da kowane babur a jihar nan ya koma lantarki, iyalin da ke da 'ya'ya biyar a makarantu uku suna bukatar motar safa mai arha wadda ke zuwa kan lokaci, ɗan kasuwar da ke kai kaya Maraɗi kuma yana bukatar jirgin ƙasa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, ta Katsina da Jibiya aka shata shi. Ya wajaba wakilan wannan yanki a Majalisar Tarayya su riƙa bin sawunsa har ya zama jirgi yana ɗaukar fasinja da kaya a kai a kai. Hukumar Sufuri ta Jihar Katsina kuma ta ƙara motoci a kan hanyar Jibiya, ta sanya musu lokacin tashi tsayayye da safe da yamma, yadda ma'aikacin da ke zuwa aiki daga Katsina zai iya ajiye motarsa a gida.