Idon Dangi da Ƙugun Yarinya

Da zarar kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, sai a fara jin maganar da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato a dubi yarinya 'yar shekara 13 ko 14 a ce ta isa, a kai ta ɗaki. Hujjar ba ta wuce abin da ido ya gani ba, kamar ƙirgar dangi, wato fara tasowar nono, da zuwan jinin al'ada, alhali ƙashin ƙugu, wanda ta cikinsa kan jariri yake bi ya fito, yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan fara haila.

Wanda ya san asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi ta ɗinkin masu yoyon fitsari tun shekarun 1980, ya san inda wannan gaggawa take kaiwa. Idan ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan, naƙuda takan kai kwana biyu ko uku, kan yana danne mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu ya ɓule. Yawanci jaririn ba ya rayuwa, ita kuwa yarinyar takan koma gaban uwarta da takardar saki, kullum tana wankin zane da shanya tabarma, ƙawayenta suna toshe hanci. Gaskiya ne manyan mata ma suna kamuwa idan asibiti ya yi nisa, kuma tsoron lalacewar tarbiyya da ke sa iyaye hanzari ba abin rainawa ba ne. Amma manomin da ba zai ɗaura wa maraƙi garma ba har sai ya ƙosa, ba shi da bakin cewa bai san jiki yana da lokacinsa ba.

Sai kuma zancen abinci, domin yarinyar da ta wuni tana talla, ta dawo ta tarar da ƙanzon tukunya, girmanta yakan tsumbure, ga haila tana rage mata jini kowane wata, ba wake ba hanta ba zogale. Ta fuskar doka kuwa, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta tsayar da shekara 18 domin aure, sai dai yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa, don haka ko alƙali ya so aiki da dokar, bakin waɗanda suka karɓi sadakin zai saurara kafin ya san shekarun amarya.