A Ba Mai Baka Lokacinsa a Dawa

 Yau maganata da mafarauta ce, musamman masu bindiga, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba.

Sarautar da aka gada a ƙasar Hausa ita ce Sarkin Baka, domin da kwari da baka aka san maharbi. Shi ne mai ɗaura burtu a ka, ya yi rarrafe har ya kusanci barewa, ya saki kibiya ɗaya. To yau ina yake? Mai adaka ya kore shi. Da dare ya ɗaura fitila a goshi ya bi dawa, gada da zomo da gyauji, mai ciki da mai shayarwa, duk ya kwashe. Kafin mai baka ya fito da asuba, ƙarar bindiga ta watsa abin da ya saura. Wannan rabo ne?

Za a ce ai rabon kwaɗo ba ya hawa sama, kowa da sa'arsa. Gaskiya ne, amma mai harbi daga nesa da wanda dole sai ya matso dab da nama ba a haɗa su rana ɗaya a ce an yi adalci. Ko Amurka, inda bindiga ta yi yawa, sun gane haka. Tun 1934 jihar Wiskonsin ta ware wa masu baka lokacinsu daban, sauran jihohi suka bi, har masu baka suka yi yawan da masu bindiga ke ƙorafin an fifita su. Amma kowa da lasisinsa, da ranakunsa, da adadin da zai kashe, kuma harajin bindiga da na baka ana mayar da shi wajen kula da namun daji. Mu da muka gaji baka kaka da kakanni, mu ne muka yar da shi.

Sannan mu da ke zaune a Kudu, akwai abin da ya fi nama. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Zalunci ne tsantsa, babu uzuri. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko adaka sai da lasisi, kuma gandun dajin Old Oyo da ke wannan jiha tamu an hana farauta a cikinsa.

Don haka ina kira ga Sarkin Hausawa da dattawan Sabo su zauna da shugabannin maharban Yarabawa, tunda dajin nasu ne, mu baƙi ne. A ware wa mai baka da mai gora da kare makonnin farko na rani, bindiga ta biyo baya. A daina farautar fitila da ƙona daji. Duk mai bindiga ya yi rajista, ya riƙe takardarsa a aljihu. Wanda ya ƙi, kada ya zo ƙofar Sarki neman beli.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya tsare mana mutanenmu a dawa da kan hanya, amin.