In Kiɗa Ya Sauya, Rawa Ma Sai Ta Sauya

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, tun da aka naɗa sababbin firifet bana nake so in yi wannan magana. Wasu daga cikinsu sun ɗauka shugabanci tsawa ce da bulala, safe da yamma. Ni kuwa a ganina kowane hali da irin riƙon da ya dace da shi.

Mu dubi garinmu Daura. Lokacin da Marigayi Alhaji Muhammadu Bashar ya hau gadon sarauta a 1966, En'e tana da 'yan dokanta, da kotunan alƙalai, da gidan yari. Ba a daɗe ba gwamnati ta karɓe su, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke sauran ikon. Amma har ya rasu a 2007, shekara 41 ke nan, mutane ba su daina kai ƙara fada ba, domin ya koma ga sulhu da nasiha da jawo dattawa a jiki. Da ya tsaya sai ya yi mulki irin na da, wa zai kama masa mai laifi?

Haka kuma Marigayi Muhammadu Buhari. A 1984, yana soja, Yaƙi da Rashin Ɗa'a ya sa mutane bin layi ko suna so ko ba sa so. Da ya dawo ta hanyar zaɓe a 2015, sai ga shi dole ya jira Majalisa ta amince da ministocinsa.

To, mu komo makaranta. Ban ce a daina tsanani ba. Ranar da wuta ta kama a ɗakin kwananmu, da firifet ɗinmu ya tsaya neman shawara, da an yi asara. Tsawa ya daka, kowa ya fice, kuma ya kyauta. Amma shi ɗin ne bayan sati biyu ya sa wani ɗan aji ɗaya durƙuso a kan tsakuwa don ya makara wajen shara. Yaron nan bai fi wata guda da barin ƙauyensu ba, zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ba wanda ya tambaye shi dalili. Aka yi hutu, ya tafi gida, har yau bai dawo ba.

Iyayenmu, ku riƙa tambayar 'ya'yanku yadda ake riƙonsu. Malamanmu kuma ina roƙonku, kafin a miƙa wa ɗalibi muƙami, a zaunar da shi ko na kwana biyu ne, a nuna masa inda ake ɗaga murya da inda ake kiran yaro gefe a tambaye shi abin da ke damunsa.