Ralonjin kasuwa ko wadda mai gyaran wuta ya haɗa?

Zafi ya shigo, kowa ya kunna fanka da firigo, kuma yanzu ne ralonji ke narkewa cikin ɗakuna da shaguna. Ni dai ra'ayina, in don kuran ne, gara ka sayi waya mai kyau a mita ka kai wa wanda ya iya ya haɗa maka. In don intanet ne, maganar ta ɗan bambanta.

Wutar NIGELEC volt 220 ce. Dutsen guga mai wat 2000 yana jan kusan amper 9 shi kaɗai. Wayar da ke cikin ralonji masu araha sau da yawa ba ta wuce 0,75 ba, wadda ƙarfinta bai hi amper 6 ba. To ka ɗora dutsen guga, ka ƙara firigo, mi kake jira? Disjonkter ba zai yanke ba, don shi bai ga laihi ba, waya ce kawai ke dahuwa a ƙarƙashin tabarma. Wanda ya san aiki waya 2,5 yake sa wa priz, 1,5 ga fitila, kuma bai mantawa da ta ƙasa, mai kore da ɗorawa.

Ga wata cuta kuma. Akwai wayar da alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. A ido ba ka rabewa. Kankare bakinta da wuƙa gaban mai shago, in fari ya hito, aje masa abinsa. Roba mai kauri ba shaida ba ce, wani lokaci ma don ɓoye ƙanƙantar wayar aka yi ta.

Amma hwa ba kowane mai pensa a aljihu ne gwani ba. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ya hi na kanti haɗari. A ɗaure da dunƙule, a matse sosai.

Kebul na rezo kuwa, wayoyi 8 ne ƙanana a ciki, biyu-biyu a murɗe, kowace da wurinta cikin kan RJ45. Guda ta kuskure, intanet ya yi ta yankewa kana zagin kamfani a banza. Gajere na mita 2 ko 3, daga akwatin wifi zuwa kwamfuta, sayi haɗaɗɗe ka huta. In za a ja daga buro zuwa buro, ko a siber, sai a yanka daidai tsawon, kada ya wuce mita 100, kuma mai aikin ya gwada da na'urar gwaji kana tsaye kafin ka ba shi kuɗinsa.

Masu gyaran wuta na Maraɗi, Damagaram da Tawa, muna jiran ku: wace waya ce kuka yarda da ita a kasuwa yanzu?