Dillalin littafi ba ya karɓar la'ada kafin ciniki

Yau maganarmu ta marubuta ce, musamman matasanmu da ke rubuta labari da Turanci ko Faransanci suna fatan a buga shi a ƙasashen waje.

A Amurka da Ingila, manyan kamfanonin ɗab'i galibi ba sa karɓar littafi daga hannun marubuci kai tsaye, sai ta hannun wakili, wato dillalin littafi. Shi kuma dillalin, wasiƙa yake fara gani kafin littafin: shafi ɗaya tal, kalmomi wajen 300. In ta ja hankalinsa ya nemi littafin, in ba ta ja ba magana ta ƙare.

Mu ɗauki nau'in labarin da suke kira "cozy", mai kasuwa ƙwarai a can. Labarin binciken kisa ne, amma mai sanyi: ba zubar da jini a fili, ba batsa. Gari ne ƙarami, kowa ya san kowa, mai binciken kuma ba 'yar sanda ba ce, galibi wata mata ce mai lura da halin mutane. Miss Marple ta Agatha Christie, wadda littafinta na farko ya fito a 1930, ita ce uwar wannan layi.

To me ake zubawa cikin wasiƙar? Sunan littafi, nau'insa, da yawan kalmominsa, wanda a irin wannan labari kan kama daga 60,000 zuwa 80,000. Sai gundarin labarin: wace ce tauraruwar, me ya faru, me za ta rasa in ta kasa. A ce mai tuwo ce a bakin tasha, an tsinci gawar uwar adashinsu, kuɗin sun ɓace, an kama ƙanenta, saura mako guda a kai shi gaban alƙali. Nan za ka tsaya, kar ka faɗi wanda ya yi kisan. Sai ka ambaci littattafai biyu na kwanan nan masu kama da naka, da layi biyu a kan kanka. Kuma kar ka aika sai ka gama littafin ka gyara shi, ba a kai ɗanyen kaya kasuwa.

Ga inda muke so a buɗe kunne. Dillalin kirki ba ya neman ko dala daga gare ka. La'adarsa kan kasance kashi 15 cikin 100, kuma sai littafin ya sayu yake ɗauka, kamar dai dillalin dabbobi ranar kasuwa. Duk wanda ya rubuto maka a Facebook ko WhatsApp yana yabon aikinka, sannan ya ce turo jaka hamsin kuɗin karatu ko na rajista, wallahi aljihunka yake karantawa. A Faransa marubuta da yawa kan tura wa kamfani kai tsaye, amma can ma akwai masu cewa kai za ka biya kuɗin bugu. Wannan ɗan kwangilar buga takarda ne, ya riga ya ci ribarsa a jikinka ko da ba a sayi kwafi ɗaya ba.

Wani zai ce ai an aika wasiƙu da yawa an ji shiru, gara a biya a huta. Gaskiya ne shirun yana da ciwo, wakilai da yawa ba sa ba da amsa in ba su so. Amma shiru bai ci maka kuɗi ba. Ka tura wa biyar ko goma, in ba labari ka koma ka gyara wasiƙar, ka sake turawa.

Ko masu rubutu da Hausa, wannan horo zai amfane mu. Ka gwada faɗa wa abokinka labarinka cikin layi biyar. In ya ce "sai me ya faru?", ka kama hanya. Allah ya sa alƙalaminmu ya yi albarka.