Darasin bindigar Sten ga zangonninmu

Bayan Ingila ta yi asarar makamai a Dunkirk a 1940, sai ta fito da Sten a 1941: bututun ƙarfe da sifirin, mai araha, aka ƙera miliyoyi. Ashe bindiga ba sai da babbar masana'anta ba. Nan Ghana ma maƙera na ƙera tasu a ɓoye, duk da hanin doka. To, tsare kan iyaka kaɗai ba zai wadatar ba. Harbe-harben Nima da Maamobi na Janairun 2022 sun nuna mana hannun da makami ke faɗawa: na 'ya'yanmu. A ganina, yaron da ya bar aji babu sana'a shi mai bindiga ke jira. Iyaye, limamai, sarakunan zango, nan fa aikin yake.