Sare Kan Sarki Ba Shi Ne 'Yanci Ba

Da yawa daga cikin 'yan ajinmu, in aka zo kan tarihin Ingila, sukan ce Oliver Cromwell ne ya ƙwato wa talakawa 'yanci, tun da shi ya ci Sarki Charles na Ɗaya da yaƙi. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Ban ce sarkin ba shi da laifi ba. Shi a ganinsa Allah ya ba shi mulki, don haka babu mahalukin da zai tuhume shi. Shekara 11 cur, daga 1629 zuwa 1640, bai kira majalisa ba. Da kuɗi suka yanke masa, sai ya ɗora harajin jiragen ruwa har kan garuruwan da ke nesa da teku. A 1642 kuma ya tafi majalisa da dakarai zai kama wakilai biyar, ya tarar sun tsere. A shekarar nan yaƙi ya ɓarke.

To, amma jama'a, ku dubi abin da ya faru a Putney, kusa da Landan, a 1647. Sojojin majalisa sun ci nasara, suka zauna cikin wata majami'a suna shawarar yadda za a tafiyar da ƙasa. Kanar Rainsborough ya tsaya kai da fata cewa matalauci ma yana da ta cewa kan wanda zai mulke shi. Shi kuwa Ireton, surukin Cromwell, ya ce atafau sai mai gona ko mai dukiya zai yi zaɓe. Wato wanda ya kai ƙirjinsa gaban harsashi bai isa ya jefa ƙuri'a ba! An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Ran 30 ga Janairu 1649 aka sare kan sarki. Ba a yi wata huɗu ba sojoji masu irin ra'ayin Rainsborough suka yi bore, aka harbe uku daga cikinsu a garin Burford.

A 1653 Cromwell da kansa ya shiga majalisa da sojoji, ya fatattaki wakilai, aka kulle ƙofa. Abin da ya gagari sarki ke nan. Da ya rasu a 1658 ɗansa ne ya gaje shi, sai ka ce gidan sarauta. Mutane suka gaji, a 1660 aka kira ɗan sarkin da aka kashe aka naɗa shi.

Wani zai ce ai gatarin nan ne ya tsorata sarakunan baya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma abin da ya ɗaure hannun sarki sosai shi ne dokar 1689, wadda ta hana shi sa haraji, ko ajiye sojoji a lokacin zaman lafiya, sai da yardar majalisa. Ita ma ɗin ba ta tuna da talakan Putney ba. Sai a 1918 namijin da ba shi da komai ya sami damar yin zaɓe a Ingila.